Ƙarfe ko manhaja? Amsoshin tambayoyin da ake yi min kan hoton PS5, Xbox Series da Switch 2

Ina da ɗan gidan gem a Garwa, kuma a bayan shagon akwai teburin da nake buɗe na'urorin da suka lalace. Kusan kullum sai an yi gardama a gabana: wannan ya ce tasa ta fi ƙarfi, wancan ya ce hoton da ake gani duk dabara ce. Wasu kuma daga Marwa, Kusiri, har da Njamena suke aiko da tambaya kafin su ba da kuɗi a kawo musu na'ura daga Duwala ko Dubai. Na tara tambayoyin da suka fi yawa a nan, don kuɗin da mutum ya daɗe yana tarawa bai kamata ya tafi a kan jita-jita ba.

Yaya, in aka ce abu «a ƙarfe yake» ko «a manhaja yake», me ake nufi?

Ƙarfe shi ne abin da hannu zai taɓa in an kwance na'ura: cip, allon wuta, ma'ajiya. Manhaja kuwa umarni ne da aka rubuta, wanda ƙarfen yake bi. Babu hoton da zai fito sai da su biyun, don haka tambayar ta gaskiya ita ce: an ware wa wannan aiki ɓangare na musamman a cikin cip, ko kuwa ma'aikatan gama-gari na cip ɗin aka ɗora wa?

Ku dubi tela. Keken ɗinki na yau da kullum yana yin riga, wando, faci, komai. In aka kawo aikin wuya na babbar riga, gwani zai iya lallaɓa shi da wannan keken ko da allura, amma zai ci kwanaki. Mai injin aiki kuwa kafin la'asar ya gama. Sai dai injin aikin nan ba ya ɗinka wando, kuma ya ci wuri a shago ko da aiki ko babu. Haka ɓangare na musamman yake a cikin cip: yana da sauri, ba ya shan wuta sosai, amma abu ɗaya ya iya, kuma yadda aka ƙera shi haka zai zauna har na'urar ta tsufa.

To me ya hana a bar wa manhaja komai?

Lokaci. Hausawa sun ce abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri na sanyi ma zai dafa, kuma a lissafi haka ne: babu hoton da kwamfuta ta gama-gari ba za ta iya zanawa ba in aka ba ta lokaci. Gem ne ba shi da haƙuri. Wasan da yake fitar da hoto 60 a daƙiƙa yana da kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa kacal ya gama kowane hoto. Mai hoto 30 yana da 33.3. A cikin wannan ƙiftawar ido za a lissafa motsin 'yan wasa, ciyawa, inuwa, haske, 'yan kallo. Kullum daren sallah ne a wurin telan, masu kaya suna tsaye a bakin ƙofa.

Wannan ja-in-ja tsoho ne. Doom na 1993 da Quake na 1996, babban cip ɗin kwamfuta ne kaɗai yake zana su. Da katin zanen hoto mai suna Voodoo na kamfanin 3dfx ya fito a 1996, aikin ya fara komawa ƙarfe. Nintendo ma a 1993 sai da suka dasa cip mai suna Super FX a cikin kaset ɗin Star Fox, saboda na'urar Super Nintendo ita kaɗai ba za ta iya ba.

Wannan RT da ake rubutawa a jikin kwali, mene ne?

Bin sawun haske ne. Tsohuwar hanyar zane tana ɗaukar abubuwa, waɗanda duk da ƙananan alwatika aka gina su, ta shimfiɗa su a allo, sannan a yi dabaru iri-iri don inuwa da ƙyalli su yi kama da gaskiya. Sabuwar hanya kuwa tana harba layi daga idon mai kallo zuwa cikin wurin, ta ga me ya buga, daga can ta bi shi zuwa fitila ko rana ko wani abin. Da haka madubi yake nuna abin da ke bayanka, ruwa yake ɗaukar hoton gini, jan kafet yake zuba ɗan ja a farin bango.

Tunanin ba sabo ba ne, Turner Whitted ya wallafa bayaninsa tun 1980. Abin da ya hana shi shiga gem shi ne yawan tambaya ɗaya: wannan layi ya taɓa wannan akwati? Ya taɓa wannan alwatika? Sau miliyoyi a kowane hoto. Wannan tambayar ce aka gina wa ƙarfe. Nvidia ta fara sayar da katunan RTX masu irin wannan ɓangare a 2018. PS5 da Xbox Series, da suka fito a Nuwamba 2020 da cip ɗin AMD mai ƙirar RDNA 2, su ma suna da shi, amma rabi-rabi: ƙarfen yana amsa tambayar taɓawa, yawon neman inda za a duba na gaba kuwa manhaja ce take yi a kan ma'aikatan gama-gari. Shi ya sa a waɗannan na'urori RT yake da tsada, kuma yawancin wasanni abu ɗaya ko biyu kawai suke yi da shi, ko ƙyalli ko inuwa.

Ina da PS5 ɗaya da nake nuna wa mutane Spider-Man: Miles Morales a kai. Sai in manna shi a jikin gilashin dogon bene in ce su duba: ga motoci suna wucewa a cikin gilashin, ga shi kansa. In na kashe RT, gilashin ya koma nuna wani hoto na birni da aka ajiye tun farko, babu motsi a ciki. Gani ya kori ji. Amma in ya fara lilo tsakanin gine-gine da gudu, kaɗan ne suke iya faɗa min wanne na kunna.

An ce wanda aka yi da manhaja na bogi ne. Gaskiya ne?

A'a, kuma wannan maganar ce ta fi damuna, don da ita ake tsorata masu saye. Crysis Remastered na 2020 ya yi bin sawun haske a PS4 Pro da Xbox One X, na'urorin da ba su da ƙarfen RT ko kaɗan. Injin gina wasanni na Unreal Engine 5, wanda ya fito a 2022, yana da tsarin haske mai suna Lumen, kuma hanya biyu yake da ita, ta ƙarfe da ta manhaja. Da Fortnite ya koma wannan tsari a Disamba 2022, a PS5 da Series X da ta manhaja ya yi amfani, yana kuma riƙe hoto 60, alhali ƙarfen RT yana zaune a cikin na'urorin.

Bambancin yana nan, ba zan ɓoye ba. Ta manhaja ba ta bin ainihin surar abubuwa, tana bin wani kwafi ne da aka sassauta, kamar an rufe kayan ɗaki da zane. Hasken da yake yaɗuwa a ɗaki yana fitowa da kyau, amma madubi yana yin dishi-dishi, kuma mutanen da ke motsi sukan ɓace a cikinsa. Ta ƙarfe ta fi daidai, ta fi cin lokaci. Mai gina wasa yana duba daƙiƙarsa ne ya zaɓa. Wasu sun zaɓi ƙarfe gaba ɗaya: Indiana Jones and the Great Circle na Disamba 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayu 2025 ba sa tashi a kwamfutar da ba ta da ƙarfen RT, kuma suna gudu da hoto 60 a PS5 da Xbox Series, saboda tun daga tushe da shi aka gina su.

Akwai inda manhaja ta doke ƙarfe kuwa?

Akwai, kuma abin yana burge ni. Ɓangaren cip da ke shimfiɗa alwatika an ƙera shi ne a zamanin da alwatika ɗaya take rufe ɗigo da yawa a allo. Yanzu ana gina dutse ko mutum-mutumi da alwatika ƙanana har ɗaya ba ta wuce ɗigo guda ba, kuma a nan ƙarfen yana ɓarnar aiki. Sai masu Unreal Engine 5 suka rubuta nasu mai shimfiɗawa da manhaja a cikin tsarin Nanite: ƙananan alwatika manhaja ce take zana su, manya a bar wa ƙarfe. Wato injin aikin yana shago, amma zanen da ake yayi ya yi masa ƙanƙanta, sai tela ya koma keke kuma ya fi sauri. Wasan Dreams na PS4 ma da irin wannan hanya ta kansa yake zane.

Na'urar ta ce 4K. Da gaske 4K ne?

Wani lokaci. 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, jimla sama da miliyan 8. 1080p kuwa miliyan 2 da ɗoriya, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Manyan wasanni da yawa suna zana hoto ƙarami ne, 1440p ko ƙasa da haka, sannan a cike sauran ta hanyar duba hotunan da suka gabata. Ba ha'inci ba ne, tattalin lokaci ne, kuma tun PS4 Pro na 2016 ake yi.

A nan ne gardamar ƙarfe da manhaja ta fi zafi a yau. FSR, hanyar cike hoto ta kamfanin AMD, na 1 a 2021 da na 2 a 2022, manhaja ce zalla, kowace na'ura tana iya gudanar da ita, shi ya sa ta cika wasannin PS5 da Xbox. Aibinta yana fitowa a siraran abubuwa: ragar gola, wayar lantarki, gashi, ganye, sai ka ga suna ƙyalƙyali ko suna jan wutsiya. DLSS na Nvidia kuwa yana amfani da ƙwaƙwalwar na'ura da aka horar, kuma yana buƙatar ɓangare na musamman a cip. Switch 2, wanda ya fito ranar 5 ga Yuni 2025 da cip ɗin Nvidia, yana da shi. Wannan ne ya sa ƙaramar na'ura da ake riƙewa a hannu take fitar da hoto mai tsabta fiye da yadda girmanta zai nuna. Sony ta bi wannan hanya da PSSR a PS5 Pro na Nuwamba 2024. AMD kanta, da ta fitar da FSR 4 a 2025, ta ɗaure shi ne da sababbin katunanta. A ganina, ƙarfen cike hoto ya fi ƙarfen RT amfani ga mai wasa na yau da kullum, don shi a kowane hoto yake aiki, ko akwai madubi ko babu.

Series X tana da tiraflof 12, PS5 tana da 10. Ke nan Xbox ta fi?

A takarda, e, don tiraflof ma'auni ne na yawan lissafin da cip zai iya yi a daƙiƙa. Series X tana da rukunin lissafi 52 masu gudun 1.825 GHz, PS5 tana da 36 masu kaiwa 2.23 GHz. Ɗaya ma'aikata da yawa, ɗaya kaɗan masu hanzari. Xbox tana kuma da ɓangaren da yake rage wahalar zane a wuraren da ido ba ya lura, wanda ake kira VRS, a ƙarfe. Masu Call of Duty kuwa nasu suka rubuta da manhaja yana aiki ko'ina. Amma ka kunna wasa ɗaya a talabijin biyu gefe da gefe, da ƙyar za ka raba. Tiraflof yana auna ma'aikatan gama-gari ne kawai, ba ya faɗin komai game da ɓangarori na musamman, ko ingancin kayan aikin da aka ba masu gina wasa, ko wace na'ura suka fi ba lokaci. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Misalin ɓangaren da lambar ba ta ƙirgawa: PS5 tana da ƙarfen da yake warware bayanan da aka matse yayin da suke fitowa daga ma'ajiya mai gudun gigabait 5.5 a daƙiƙa. Mark Cerny, wanda ya jagoranci ƙirar na'urar, ya ce a Maris 2020 aikinsa ya kai na ƙwayoyin Zen 2 tara, wato ƙwayoyin lissafi na babban cip, alhali takwas ne a na'urar gaba ɗaya. Shi ya sa wasa yake buɗewa kafin ka gyara zama.

Sabuntawa ta intanet za ta iya mai da PS4 ɗina kamar PS5?

Ba za ta iya ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai «buɗe» maka RT ko ya ƙara wa PS4 ƙarfi da filashi, ka riƙe kuɗinka. Sabuntawa tana kunna abin da yake kwance a ƙarfe ne tun farko. A PS5 ramin ƙarin ma'ajiya yana nan tun ranar farko amma sai Satumba 2021 aka kunna shi, VRR, mai daidaita gudun talabijin da na wasa, a Afrilu 2022, fitar da 1440p a Satumba 2022. Abin da ba a dasa ba kuwa, babu saƙon da zai haifar da shi.

Tsofaffin faya-fayaina fa?

Na PS4 kusan duka suna aiki a PS5 mai cin faifai, saboda dukansu cip ɗin AMD ne 'yan gida ɗaya, kuma an gina sabon ya iya kwaikwayon halin tsohon. Na PS3 ba sa aiki, don cip ɗinsa mai suna Cell dabam yake ƙwarai. Tarihin PS3 ma shi ne darasin: na farko-farko na 2006 a Japan da Amurka suna ɗauke da cip ɗin PS2 sukutum a cikinsu; na Turai na 2007 aka cire ɓangare ɗaya na cip ɗin aka maye gurbinsa da manhaja, wasu wasanni suka fara tangarɗa; daga baya aka cire duka don rage farashi. Microsoft kuwa manhaja ta bi tun 2015 don wasannin Xbox 360, shi ya sa sai wanda ke cikin jerinsu ne yake aiki, kuma ko ka sa faifai sai na'urar ta sauke wasan daga intanet. A wurinmu da data take da tsada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam, yarona yana son Series S don ta fi araha. In saya?

Alhaji, na'ura ce mai kyau, amma ka san abin da ka saya. Ƙirarta ɗaya da babbar, har ƙarfen RT tana da shi, sai dai tiraflof 4 ne, kuma ƙwaƙwalwar aikinta, wato RAM, gigabait 10 ne maimakon 16. Saboda haka wasanni da yawa suna kashe RT a kanta duk da ƙarfen yana nan. Baldur's Gate 3 ya fito a PS5 a Satumba 2023, bai iso Xbox ba sai Disamba, saboda wahalar raba allo biyu a Series S. Babban abin lura a nan ƙasar shi ne ba ta cin faifai. Ba aron wasa, ba musaya a kasuwa, kowane wasa sai an sauke, wani ya haura gigabait 100. Alherinta kuwa wuta: ba ta kai wat 100 a wasa, PS5 kuwa tana shan kusan 200 a wasa mai nauyi. Ga mai sola da batir, ko mai ƙaramin janareta, wannan lissafi ne na kowane dare.

Ni ƙwallo kawai ake bugawa a shagona. Duk wannan ya shafe ni?

Kaɗan. Mai buga EA Sports FC ko eFootball abin da yake so shi ne hoto 60 da ba ya rawa, da manet da ke amsawa nan take. Ko a duniya haka ne: Cerny ya faɗa a Satumba 2024 cewa in aka ba masu PS5 zaɓi tsakanin kyan hoto da santsin motsi, kusan kashi uku cikin huɗu na lokaci santsi suke ɗauka. Akwai dai abin da sabon zubi ya fi tsoho, kamar tsarin motsin 'yan wasa na HyperMotion da ya fara a FIFA 22 kuma bai zo PS4 ba. Kuma manyan sababbin wasanni, irin su GTA VI, PS5 da Xbox Series kawai aka sanar musu.

Kafin ka sayi Pro, dubi talabijin ɗinka. Da yawa daga masu inci 32 da ke kasuwanninmu ɗigonsu 1366 ne da 768. A irin wannan allo PS5 da PS5 Pro kusan abu ɗaya za ka gani. Hoto 120 a 4K kuma sai talabijin mai HDMI 2.1. Da kuɗin Pro ɗaya gara ka ɗauki na'ura ta yau da kullum da allo mai kyau da ƙarin manet, ka kuma shiga saitin talabijin ka kunna yanayin gem, wanda yake rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. Na sha ganin yara suna zargin manet alhali talabijin ne yake riƙe hoto yana yi masa kwalliya.

In jira na'urori masu zuwa?

Abin da aka faɗa a fili shi ne Sony da AMD suna aiki tare a wani shiri mai suna Amethyst, kuma a Oktoba 2025 sun yi bayanin ɓangarori na musamman da suke shiryawa don bin sawun haske da kuma ƙwaƙwalwar na'ura. Alƙiblar a bayyane take: abin da yau ake raba shi tsakanin ƙarfe da manhaja zai ƙara komawa ƙarfe. Amma ba a cinikin biri a sama. PS4 ta fito a 2013, kuma shekaru bayan zuwan PS5 ana ta fitar mata da ƙwallo. In kana da bukata yau, sayi ta yau.

Zafin Garwa yana rage kyan hoto?

A PS5 ba ya ragewa. Na'urar tana daidaita gudun cip ɗinta ne bisa nauyin aikin da wasa ya ɗora mata, ba bisa zafin ɗaki ba, don haka hoton da ake gani a Faransa shi ake gani a Yelwa. Abin da zafi yake yi shi ne fanka ta yi ta ihu, sannan gargaɗi ya fito a allo, sannan ta kashe kanta. Sony ta rubuta cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje.

Bara da bazara wani ƙanena daga Kusiri ya kawo min tasa a cikin buhu, yana cewa cip ɗin hoto ya ƙone, don duk wasa mai nauyi minti kaɗan take mutuwa, ƙwallo kuma tana daɗewa. Na zare farin murfin, na kwance fanka. Ƙurar hunturu ta haɗu da gashin kafet ta zama kamar auduga, ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, ramukan wutar ciki ma sun cike. Wasa mai RT yana tashin kowane ɓangare na cip lokaci guda, wutar da ake sha ta ƙaru, iska kuma ba hanya. Na share da buroshi mai laushi, na zuƙe ramuka biyu na tara ƙura da ke ƙarƙashin murfi, ban taɓa ruwan ƙarfen da aka shafa a kan cip don fitar da zafi ba, don wanda bai san shi ba in ya zubar da shi a allon wuta ya kashe na'ura. Muka kunna wasan da yake kashe ta, ya yi awa uku. Na ce masa ya ɗauke ta daga ƙasa, ya ba ta tazarar taƙi guda daga bango, ya rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki, ya sa mata na'urar daidaita wuta saboda yadda take zuwa da ƙarfi bayan ɗaukewa, kuma daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu ya bar ta ta huta.